Amsa ga Uwata a Kan Rufin Asiri da Mugayen Labaran Zane

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin in zauna amsa shi. Kin ce gardama ta kaure tsakaninku, ku masu karanta mujallun zane na jaruman Amurka, inda kuka fara da musu a kan wane mugu ne ya fi cancantar a tausaya masa tsakanin Magneto da Joker, sai magana ta zarce kan editan nan na kamfanin DC da aka kora a 2017 bisa zargin cin zarafin mata abokan aikinsa. Kin ce wani abokin karatunki ya kafe a kan cewa matan da suka kai maganar ga 'yan jarida sun yi rashin ta-ido, domin a tarbiyya irin tamu ba a tona wa babba asiri, shi ne kike tambayata ko da gaske haka al'ada ta ce.

Rufin asiri al'adarmu ce, wannan babu ja a kai, kuma ni ma a cikinta na tashi. Sai dai abokin naki ya riƙe rabin maganar ne ya saki rabi. Wanda iyayenmu suke rufa wa asiri shi ne mutumin da talauci ya tagayyara, ko wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya ya ji kunya ya janye, ko wanda laifinsa bai wuce kansa ba. Shi kuwa mai iko da yake cutar na ƙasa da shi, ya kuma ci gaba da yi bayan an ja masa kunne, hanyar da aka shimfiɗa masa daban ce: a faɗa wa mai gida, in bai tsawatar ba a je wa mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi, har a kai fada. Kai ƙara gaba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu ma sukan kawo aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma Imam Nawawi ya lissafa koken wanda aka zalunta da gargaɗin mutane daga mai cutarwa a cikin wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ya halatta.

To ki auna abin da ya faru a can da wannan ma'auni. Editan, Eddie Berganza, ya daɗe yana riƙe da sashen mujallun Superman. Bisa rahoton da jaridar BuzzFeed News ta fitar a watan Nuwamba na 2017, tun a 2010 wasu ma'aikata suka haɗu suka kai kokensu sashen kula da ma'aikata na kamfanin, wato a cikin gida suka fara, kamar yadda kowace 'yar mutunci za ta yi. A wannan shekarar aka ƙara masa girma. A 2012, bayan wani sabon zargi da ya taso a wurin taron masu sana'ar, aka rage masa matsayi amma aka bar shi a kan kujerar edita. Sai da magana ta fita jarida, shekara bakwai bayan koken farko, kamfanin ya dakatar da shi, ya kuma sallame shi cikin 'yan kwanaki. Idan akwai wanda ya saɓa al'ada a nan, ni a ganina manyan gidan ne da aka kai wa kuka a asirce suka ƙi share hawaye, domin shirun yaro amana ce da yake bai wa babba bisa sharaɗin babban zai gyara.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da yadda sana'ar take tafiya, don ki gane nauyin da ke kan bakin mai koke. Yawancin marubuta da masu zane da masu sa launi ba ma'aikatan dindindin ba ne, aikin jinga suke yi, a biya su shafi-shafi, kuma edita ne yake zaɓen wanda za a bai wa aiki na gaba. Manyan kamfanonin jarumai guda biyu ne, Marvel da DC, editocin duk sun san juna, ana kuma ƙulla harkar aiki da yawa a wuraren taron masu sana'ar irin na birnin San Diego da otal-otal ɗin da ake sauka. Wadda ta yi magana ba sai an kore ta ba, wayarta ce kawai za ta daina ƙara. Wannan rashin daidaito tsoho ne a gidan: Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, dala 130 aka ba su a 1938 aka karɓe haƙƙin mallakarsa, kuma sai a 1975, da kukansu ya shiga jaridu, aka yanka musu dala 20,000 a shekara kowanne aka maido da sunayensu a kan aikinsu.

Game da musun mugaye da kuka faro da shi, ba na ganinsa a matsayin shirme, domin a nan ne kuskuren abokinki ya samo asali. A 1954 kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tace labarai, wadda ta ce dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kada a zana mai laifi yadda za a tausaya masa, kada kuma a nuna ɗan sanda ko alƙali ko wata hukuma ta yadda za a raina su. Shekara da shekaru aka yi ana koya wa yara cewa mugu yana zuwa ne daga waje, da fentin fuska da dariyar ƙeta, irin wanda kuke kira bos, ba ya zama a ofis yana sa hannu a takardar albashi. Daga baya sai abin ya juye: Magneto, wanda ya fito a 1963 a matsayin mugu zalla, marubuci Chris Claremont ya ba shi tarihin wanda ya tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, masu karatu kuma suka koyi neman uzuri ga mugu. A kan takarda wannan ci gaba ne, har ni ma na fi jin daɗin labarin a haka. Matsalar ita ce mai karatu ya fito da ɗabi'un nan biyu cikin duniya, ya kasa gane azzalumi saboda yana sanye da kwat, in kuma an nuna masa shi sai ya hau lissafa irin aikin da ya yi wa kamfani.

Na ga irin wannan da idona a wata maɗaba'a da na yi aiki ina saurayi. Akwai wata yarinya mai buga tafireta da shugaban sashenmu ya addaba, kullum sai ya tsaya a bayan kujerarta ya dafa kafaɗarta wai yana duba kuskure. Ta faɗa wa manaja cikin ladabi, washegari aka ɗauke teburinta aka kai kusa da ɗakin ajiyar tawada, inda wari ba ya barin mutum ya yini, shi kuwa ko kallon banza ba a yi masa ba. Da ta bar aiki, na ji wani dattijo a cikinmu yana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina tsaye a wurin riƙe da faifan haruffa ban ce uffan ba, na kuma ɗauka ladabi nake yi. Yau shekara fiye da arba'in ke nan, kuma har yanzu ban sami sunan da zan kira wannan shirun da shi ba in ba tsoro ba.

Kin kuma tambaya ko ya kamata ki daina karanta mujallun. Ban ga dalili ba, domin kowace fitowa hannu da yawa ne suka yi ta, wataƙila har da hannun waɗanda aka cuta, kuma jefar da ita ba ya mayar musu da komai. Abin da nake so ki riƙa yi shi ne buɗe shafin da ake jera sunaye ki karanta su duka, tun daga marubuci har mai rubuta haruffa, ki kuma lura da waɗanda sunansu ya ɓace ba tare da bayani ba. Shi kuma abokin naki kada ki yi masa tsawa a gaban jama'a. Ki tambaye shi a keɓe, da ƙanwarsa ce ta kai kuka a 2010, shekara nawa zai ce ta ƙara jira.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki. Tsofaffin mujallun Superman ɗina suna nan a ƙasan akwatin ƙarfe, gara ta ɗan taɓa bangon biyu daga ciki, idan kin zo hutu sai ki kwashe su.

Baffanki