Fara daga madafi, ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan amsa ce ga ƙanwarmu amarya da ta rubuto tana cewa kullum tana jin maganar sauyin yanayi a rediyo, amma ba wanda ya gaya mata abin da hannunta zai iya. Ta ce gidan haya suke, ɗaki da falo, babu kuɗin sola, babu gona, to me za ta riƙa yi yau da gobe don ta rage ɓata muhalli? Na ga wasu sun ce mata wannan aikin gwamnati ne, wasu kuma sun turo mata hotunan kayan da sai mai hali. Ni uwa ce, na aurar, na daɗe ina girki a Kano da itace da gawayi da gas, kuma a nan na samo abin da zan faɗa.

Ƙanwata, kada ki sayi komai tukuna. Nauyin da gida irin naki yake ɗora wa ƙasa ta hanya biyu yake fita: abin da kika ƙona a murhu, da abin da kika kai bola. In kika kama waɗannan biyun kin ci ƙarfin aikin, kuma kuɗin cefane ne zai fara ba ki shaida.

Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, gas ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi. Ban ga laifin kowa ba, dole a ci abinci. Sai dai ki sani buhun gawayin nan bishiya ce. Masu ƙona gawayi ba sa kula ƙananan itatuwa, kirya suke nema da marke da kaɗanya, waɗanda suke shafe shekaru masu yawa kafin su isa, kuma itacen da ake turarawa ya ninka gawayin da ake samu sau da yawa. Kaɗanyar da aka sare don buhu biyu ko uku, ita ce da za ta yi shekaru tana ba matan ƙauye man kaɗe. Saboda haka ba na raina ko dunƙule ɗaya.

Kada ki hura wuta sai kin gama haɗa komai: kin yi jajjage, kin wanke shinkafa, kin yanka albasa. Wutar da take ci kina tsaye kina gyaran kayan miya asara ce. Wake ki jiƙa shi tun dare. Tukunya kullum da murfinta, ruwa kuma daidai abin da girkin yake buƙata. In kin sauke, kada ki bar garwashin ya cinye kansa ya zama toka. Ki kwashe shi da cokalin ƙarfe ki zuba a gwangwani mai murfi, ki rufe ruf. Da iska ta yanke zai mutu, gobe ki tashi wuta da shi. In kurfotinki ya mutu za ki sake wani, ki nemi mai yumɓu a ciki, domin yana riƙe zafi, na zallar ƙarfe kuwa ta gefe yake zubar da shi.

Abin da ya fi rage mini gawayi da gas shi ne kwandon girki, kuma ba sayensa ake yi ba. Ki samu kwando ko kwali mai zurfi, ki shimfiɗa tsohon bargo a ciki, ki tanadi tsohon matashi. Ki ɗora wakenki ya yi kamar minti 20 yana tafasa sosai. Kada ki buɗe murfin. Ki sauke tukunyar da zafinta ki zaunar da ita cikin bargon, ki naɗe ta ko'ina, ki danne da matashin, ki tafi harkokinki. Bayan awa uku ki buɗe: tururi zai bugi fuskarki, waken ya yi luguf, bai kama ba, bai ƙone ba. Shinkafa tafasar minti biyar ta ishe ta, sai ta ƙarasa a kwandon cikin awa guda. Sharaɗin shi ne tukunyar ta kusa cika, murfinta ya zauna daidai. Kuma kada ki bar abinci ya kwana a ciki har ya huce. In ya daɗe, musamman mai nama, ki sake tafasa shi kafin a ci.

Akwai ɗabi'ar da nake roƙon ki da ki guje mata ko da kin ga duk matan gidan suna yi: hura wuta da leda. Na san tana kamawa da wuri, amma baƙin hayaƙin nan mai ɗigowa guba ne, kuma ke kike durƙushe a kansa, gobe da goyo a bayanki. Totuwar masara, ɓawon gyaɗa, ƙirare ko tsohon kwali duk suna tashin wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Ki yi girki inda iska take ratsawa. Lokacin sanyi kuwa kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, haka janareta; iskar da suke fitarwa ba ta da wari, a barci take ɗauke mutane.

Sai leda. Da muna yara da mara ake kwashe tuwo a zuba a akushi ko kwano, a rufe da faifai. Yanzu kowace malmala da ledarta. Ki lissafa gida mai mutum goma, tuwon dare kawai, sannan ki ƙara ta koko, ta ƙosai, ta niƙa, ta alale, ta ruwan sha. Ki shafa ɗan mai ko ruwa a ƙaramin kwano ki mulmula tuwonki, ki jera a kula, zai kai dare da zafinsa. Alale a gwangwanin madara ya fi kyan siffa ma, kuma ki wanke ki ajiye. Yaron da za ki aika sayen waina ko koko ki ba shi kwano mai murfi. Tunda a gidajenmu maigida ne yake yin cefane, sai kin haɗa da shi: ki ɗinka jaka mai ƙarfi da ragowar atamfa ko buhun shinkafa, ki rataye a jikin babur ɗinsa ko bakin ƙofa. Zai manta sau da dama. Ki tuna masa da lallami, kada ki mai da abin wa'azi.

Wata Babbar Sallah na tsaya a kan mahaucin da yake gyara ragon maƙwabtanmu. Da ya farke tumbin, sai ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, a murɗe kamar igiya, ya kusa cika ƙaramin bokiti. Leda ce zalla, har da ta ruwan sha da rubutunta bai goge ba. Masu ragon sun yi ta mamakin yadda yake ci ba ya ƙiba. Mahaucin ko a jikinsa, ya ce kullum suna gani. Dabbar da take kiwo a bola tana lasar gishiri da man da ke jikin leda, ta haɗiye, ba ta narkewa, har cikin ya cushe ta rame ta mutu. Dukiyar wata baiwar Allah ke nan.

Wadda dabba ba ta ci ba kwata take tafiya. Kano da tana da kududdufai da yawa masu shanye ruwan sama, an cike mafi yawansu an yi gini, saura magudanan ruwa, su kuma mun toshe su da leda da robar lemo. Shi ya sa ruwan awa biyu yake shiga ɗakunan mutane. Wani abin takaicin kuma, sharar birnin nan da dukiya ce. Manoman kewayen Kano da jakuna suke shigowa su kwashi toka da kashin dabbobi da shara su kai gona, da takin nan aka yi ta noma gonakin shekara da shekaru ba hutu. Yau manomi in ya zuba sharar gari, leda yake shukawa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a farkon 2024. Mu kada mu jira doka ta iso.

Ki raba shararki tun daga madafi. Ɓawon kayan miya, ɓawon kankana, dusa da ragowar da ba ta lalace ba, ki tara wa maƙwabciya mai awaki, za ta yi miki godiya. Gwangwani, ƙarfe, fasasshiyar roba da tsofaffin silifa na 'yan jari-bola ne, har da ɗan canji. Robar lemo masu zoɓo da kunun aya suna so. Za ki ga abin da ya rage na bola bai taka kara ya karya ba. Tsohon batir dai kada ki jefa shi a wuta, kada kuma yara su fasa shi. Kwatar ƙofar gida kuwa ku haɗu da matan layinku ku sa matasa su yashe ta kafin damina ta sauka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A biki ne muka fi ɓarna, kuma mu mata ne. Shinkafa a zuba ta a roba ɗari, rabi a bola. Anko kala uku, kowanne a sa shi sau ɗaya a jefa ƙasan akwati. Ke amarya ce, gayyata za ta yi miki yawa. Ba dole ba ne ki yi kowane anko, kuma wadda take ƙaunarki ba za ta yanke zumunci a kan yadi shida ba.

Ruwa kuwa duk wadda take saye a wajen 'yan ga-ruwa ba ta buƙatar a koya mata darajarsa. Abin da zan ƙara kawai shi ne kowane ruwa ya yi aiki biyu kafin ya tafi. Na wankin shinkafa da na alwala su tafi gindin shuka, na ɗaurayar wanki ya wanke banɗaki da tsakar gida. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, wato cikin tafin hannu biyu, mu kuwa sai mu ƙarar da buta. Da damina ki tara ruwan indararo, amma ki bar na farko ya wanke kwanon rufi, ki kuma rufe mazubin saboda sauro.

Kin ce ba ku da firji mai aiki saboda rashin wuta. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 a kan dabarar da za ki iya haɗawa da yamman nan. Tukunyar ƙasa babba, ƙarama a cikinta, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana janye zafin ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai da yalo da suke yamushewa cikin kwana uku sai su haura mako biyu. Ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Da rani da bazara ta fi aiki, da damina kuwa iska tana da laima, sanyin ba ya kai haka. Lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa ya yi araha, ki saya da yawa ki yanka ki shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, haka kuɓewa da tattasai. Rana kyauta ce.

Wutar lantarki ba sai na ja ba: ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, guga a tara a yi ta lokaci guda, abin da ba a amfani da shi a kashe.

Waɗanda suka ce aikin gwamnati ne suna da gaskiyarsu. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na hayaƙin da yake ɗumama duniya, kuma gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Dalta ba ke kika kunna shi ba. Amma ban yarda cewa ƙananan hannaye ba sa gyara ƙasa ba, domin maƙwabtanmu sun gwada. A Maraɗi da Damagaram, bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonaki sun zama fili fetal. Daga wajen 1983 manoma suka fara barin tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran, su kare su daga dabbobi. Ba rijiya, ba gandun reno. Da haka aka dawo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, da yawansu gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi gonarsa kawai ya kula da ita.

Ke da kike gidan haya, ki fara da zogale. Tsohon bokitin fenti ko buhun siminti, ki huda ƙasansa, ki cika da ƙasa da taki, ki sa iri biyu ko uku. In ya kai ƙugunki ki datse kansa don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama. Yakuwa da alayyahu ma suna yi a buhu. In mai gidan ya amince, ku dasa darbejiya a ƙofar gida, nesa da katanga da ramin masai saboda saiwa. A dasa ta farkon damina, Yuni ko Yuli, ba ƙarshenta ba. Yawancin dashen da ake yi a unguwanni awaki ne suke cinye shi, don haka ranar da aka dasa a ranar za a kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando, kuma a san wanda zai riƙa ba ta ruwa har ta tsallake raninta na farko.