Bahago yana ɗaga min ƙwallo har kafaɗa, ta ina zan ɓullo masa?

Tambaya: Koci, ina shiga gasar tanis ta kulob. Da hannun dama nake riƙe raket, kuma bakhan ɗina, wato bugun da nake yi ta ɓangaren hagu na, na hannu ɗaya ne. Akwai wani bahago da ya zame min ƙarfen ƙafa. Duk haɗuwarmu sai ya yi ta turo ƙwallo mai juyi ta hagu na, ta tashi har kafaɗa, in mayar da ita gajera, shi kuma ya kashe. In koma riƙon hannu biyu ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar taɓa riƙonka. Sauya shi aikin watanni ne, kuma abin da ka kwatanta ya fi kama da matsalar ƙafa. Kana tsayawa ne daidai inda ƙwallon ke kai ƙarshen tashinta, wato inda shi bahagon yake so ya same ka.

Bakhan na hannu ɗaya yana da ƙarfi ne tsakanin ƙugu da ƙirji, a gaban jiki. Da ƙwallo ta haura kafaɗa, nauyin jiki ya daina shiga bugun, sai hannu kaɗai. Saboda haka ko dai ka shiga ka tare ta tana tasowa daga ƙasa, ko ka ja baya taku uku ko huɗu ka bari ta sauko. Tsayuwa a tsakiya ce ke cin ka.

Ni dai na fi son ka koyi shiga. Da ya ɗaga raket zai buga, yi ɗan tsallen nan na shiri, ka sauka a kan yatsun ƙafa. Juya kafaɗu tun ƙwallo ba ta tsallake raga ba, hannun hagu yana riƙe da wuyan raket, haɓarka tana kusa da kafaɗar dama. Rage jan hannu baya, domin saurin da ta zo da shi ya ishe ka. Ka kuma duba riƙon: idan gaɓar tushen manuniyarka ba ta hau saman mariƙin ba, fuskar raket za ta buɗe, ƙwallo ta yi ta shawagi.

Wannan ciwon Roger Federer ya daɗe yana fama da shi a hannun Rafael Nadal, wanda shi ma da hagu yake bugawa. A wasan ƙarshe na Roland Garros, gasar Faransa da ake bugawa a jar ƙasa, na 2008, Nadal ya casa shi da 6-1, 6-3, 6-0. Daga baya Federer ya koma raket mai faɗin fuska, daga murabba'in inci 90 zuwa 97, ya riƙa tsayawa dab da layin baya yana tarar ƙwallo da wuri. A wasan ƙarshe na gasar Ostireliya ta 2017 yana baya da 1-3 a kashi na biyar kuma na ƙarshe na wasan, ya ci biyar a jere ya mayar da shi 6-3 ya ɗauki kofi. Sai dai a lura, filin can mai tauri ne, ƙwallo ba ta tashi kamar a jar ƙasa. Idan a jar ƙasa kuke bugawa, ja da baya ba abin kunya ba ne.

Saura inda za ka aika ta, kuma nan ne bahago ke rikita lissafi. A ƙa'ida bugun kusurwa zuwa kusurwa ya fi aminci: raga a tsakiya santimita 91.4 ce, a gefe wajen sanda mita 1.07, kuma tsawon fili mita 23.77 yana ƙaruwa da kusan mita ɗaya da rabi idan aka bi ta kusurwa. Amma da bahago, wannan hanyar tana kai ƙwallo kai tsaye ga fohan ɗinsa, wato bugunsa ta ɓangaren hannun da yake riƙe raket, ka ga ka ba kura ajiyar nama. Idan ya matsa maka, ɗaga ta sama sosai da raga, mai zurfi, ta faɗi tsakiya ko ta ɗan karkata wajen bakhan ɗinsa. Bin layi da ƙarfi ka ajiye shi sai ƙwallo ta zo gajera kuma ƙafafunka sun kafu.

Silayis, wato yankan ƙwallo ta ƙasa da raket, yana da rana, muddin ƙwallo ta zame ƙasa-ƙasa kusa da layin baya. Wanda ya yi shawagi kyauta ce ka ba shi.

Sabis ɗinsa, wato bugun da yake buɗe maki da shi, ma kada ka manta da shi. A ɓangaren hagu zai riƙa lanƙwasa ta waje yana fitar da kai daga fili, kuma a can ake buga 30-40 da duk makin da ake bugawa bayan wani ya ci maki ɗaya a kan kunnen doki na 40-40. Matsa taku ɗaya hagu tun kafin ya jefa ƙwallo sama, ka tilasta masa neman tsakiya.

A wajen atisaye, sa abokinka ya riƙa jefo maka ƙwallo mai tashi ta hagu, kai kuma dugaduganka kada su wuce taku ɗaya a bayan layi. Makon farko za ka sha buga ta da bakin raket. Ci gaba da yi har ka fara jin ƙarar bugunka tana bin ƙarar faɗuwar ƙwallo nan take, sannan ka nemi bahago ku gwada.