Amsoshin Tambayoyinku: Jita-jitar Sababbin Jarumai da Kuɗin Aljihunka

Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo: jaruman da kamfanonin wasannin faɗa ke sayarwa daban bayan wasa ya fito, wato DLC a bakin 'yan gem. Na ɗauki huɗu, na taƙaita su.

Tambaya: Yaya, wasan da nake bugawa sun sa fas ɗin shekara a kasuwa, wato ƙunshin da ake biya lokaci ɗaya don samun jaruman da za su fito a shekarar, jarumai huɗu ne a ciki amma ɗaya kawai suka nuna. Abokaina sun haƙiƙance jarumin da nake so tun ina ƙarami yana cikin ukun da suka rage, har an turo mini hoton jerin sunaye wai daga cikin kamfanin ya fito. In saya yanzu ko in jira?

Amsa: Ƙanena, ka jira. Cinikin biri a sama ke nan, kuma babu abin da zai tsere maka. Fas ba ya ƙarewa a kanta, ranar da suka nuna jarumin naka yana nan yana jiranka.

Ban ce duk labarin da aka kwarmato ƙarya ne ba. A watan Yunin 2022, jim kaɗan bayan Capcom ta nuna Street Fighter 6, zanen jarumai 22 ya ɓulla a intanet. Da wasan ya fito a Yunin 2023, 18 daga cikinsu ne suka zo da shi, sauran huɗun kuwa, Rashid da A.K.I. da Ed da Akuma, su ne aka sayar a shekarar farko. Ko ɗaya bai kuskure ba. To amma ka tuna da Oktoban 2018, ana saura 'yan makonni wasan Nintendo mai suna Super Smash Bros. Ultimate ya fito. Wani hoto mai dishi-dishi ya bazu, wai daga wata maɗaba'a a Faransa aka ɗauko shi, yana nuna Shadow da Geno da Isaac da wasu a matsayin jaruman da za su shigo wasan. Mutane suka kwana suna faɗaɗa hoton, suna auna inuwa da launi, kowa na kawo hujjar cewa ba a iya ƙirƙirar irin wannan. Ranar 1 ga Nuwamba Nintendo ta yi bayaninta, aka ga Ken da Incineroar, sai wata shuka mai haƙora a cikin tukunya da ake kira Piranha Plant, wadda babu wanda ya taɓa kawo ta a lissafi. Hoton bogi ne. A ranar da irin waɗannan hotuna biyu suka iso wayarka, ba ka da hanyar rarrabe na gaskiya da na ƙarya. Sai daga baya kowa ke zama masani.

Akwai kuma hasashen da ba na hoto ba, wanda ni ya fi jan hankalina domin akwai tunani a cikinsa: masoya su zauna su karanci dabarar kasuwancin kamfani, su ce tunda an yi kaza da kaza, to kaza ne zai biyo baya. Dubi fas ɗin farko na Smash Ultimate. Joker ya fito daga Atlus, Hero daga Square Enix, Banjo da Kazooie daga Microsoft, Terry daga SNK. Huɗu a jere, duk baƙi daga wasu kamfanoni. Sai kowa ya yanke cewa ai tsarin ke nan, na biyar ma babban baƙo ne, da yawa suka sa rai da Dante na Capcom. A Janairun 2020 aka buɗe labule sai ga Byleth, ɗan gida, daga wasan Fire Emblem ɗin Nintendo da ya fito wata shida kafin nan. Waɗanda suka fi jin haushi su ne waɗanda suka riga suka biya. Kuma ba a yaudare su ba, domin ba wanda ya yi musu alkawarin Dante. Da kansu suka ƙulla tsarin, suka kuma biya kuɗi a kansa. Masahiro Sakurai, jagoran wasan, tun 2018 ya bayyana cewa Nintendo ce ta zaɓi jaruman fas ɗin, shi nasa ya duba ko za su yiwu. Kamfani yana duba yarjejeniya da lasisi da wasan da yake son tallatawa, abubuwan da mu ba ma gani daga waje.

Yanzu zo mu yi lissafi, da wancan fas ɗin dai. A kasuwar Amurka dala 24.99 ne, jarumai biyar. In ɗai-ɗai za ka saya, kowanne dala 5.99. Biyar ɗin sun kama 29.95, ragin bai kai kuɗin jarumi guda ba. Wanda ya sayi huɗu kawai ya biya 23.96, ya fi mai fas sauƙi. Ke nan fas ba ya yi maka riba sai in duk za ka buga su. Ka yi wa naka wasan irin wannan lissafin da biro da takarda. Sannan ka kirga da gaskiya: a cikin jaruman da ka riga ka mallaka, nawa ka taɓa a watan nan? Yawancinmu biyu ne ko uku.

Ba duk kamfanoni ke ɓoyewa ba. Capcom tana faɗin sunayen huɗun shekara gaba ɗaya a Street Fighter 6 kafin na farko ya fito. A shekara ta biyu tun Yunin 2024 aka san M. Bison ne da Terry da Mai da Elena. Irin wannan fas, in ka ga akwai naka a ciki da yawa, saya da ido buɗe. Wanda aka rufe fuskokinsa da baƙar inuwa kuwa, ka ci gaba da musu da abokanka a kan wane ne, daɗin abin ke nan kuma kyauta ne, amma katinka ya zauna a aljihu.

Tambaya: Malam, gaskiya ne da gangan suke yin sabon jarumi da ƙarfi fiye da kima don a saya, in an gama saye su rage masa? Na gaji da shan duka a hannun wani sabo, ina tunanin ni ma in saye shi.

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza, zargin yana da tushe. Leroy Smith ya shigo Tekken 7 a Disamban 2019. A gasar Evo Japan ta Janairun 2020, shida daga cikin takwas ɗin ƙarshe da shi suka buga, har da wanda ya ɗauki kofin. Bayan gasar aka rage masa kaifi. Bayonetta ta yi irin wannan mamayar a Smash na Wii U, har wasan ƙarshe na Evo 2018 ya zama ita da ita. Steve na Smash Ultimate ya kai wasu masu shirya gasa sun hana a ɗauke shi.

Sai dai mai wannan zargi yakan manta da ɗaya ɓangaren. Piranha Plant da Banjo da Byleth duk na saye ne a wasa ɗaya da Steve, babu wanda ya taɓa kukan sun addabi gasa. Abin da na fi yarda da shi shi ne: sabon jarumi bai sha gwajin da tsofaffi suka sha a hannun miliyoyin mutane ba, kuma idan kamfani zai yi kuskure, ya fi son ya yi shi ta ɓangaren ƙarfi, domin rago ba ya sayuwa. Wannan ra'ayina ne. Ƙari a kan haka, rabin ƙarfin sabo rashin saninsa ne. Ba ka san wane dukansa ake tarewa a tsaye ba, wanne a tsugune, ba ka san bayan wanne yake barin kansa a buɗe ba.

A nan ne nake da ƙorafi na gaske a kan yadda ake wannan kasuwa. Ka sha kashi sau biyar a jere, ka shiga ɗakin atisaye don ka sa kwamfuta ta maimaita maka dukan da ke kayar da kai, ka kai kan hotonsa sai ka tarar da shi a dusashe da ɗan kwaɗo a jiki, ka danna ya wuce da kai shago. A yawancin manyan wasannin, jarumin da ba ka saya ba ba za ka iya koyon kare kanka daga gare shi ba. Wannan bai dace ba, kuma shi ke tura mutane sayen abin da ba sa so.

Kafin ka biya, akwai hanyoyi. A Tekken 8 kana iya buɗe bidiyon wasan da ka buga, ka karɓi hannu a daidai inda aka kayar da kai na 'yan daƙiƙu, ka gwada wata mafita har ka samu. A Street Fighter 6 akwai tikitin haya da ke ba ka jarumi na awa ɗaya. Ka shiga da jerin abin da kake son gwadawa a rubuce don kada awar ta tafi a banza. Ko ka nemi abokin da ya saya ku yi ta bugawa. In kuwa salon faɗansa ne ya burge ka, to saya, wannan dalili ne mai kyau. Amma wanda ya saya don ƙarfi, ranar da gyara ya sauko zai ga an bar shi da jarumin da bai taɓa so ba.

Tambaya: Na saya wa ɗana wasan faɗa da tsada, bai yi wata biyu ba ya dawo wai akwai mutane a ciki da sai an ƙara kuɗi. An sayar mini da rabin kaya ne?

Amsa: Hajiya, ba a cuce ki ta wannan fuskar ba. Wasan da kika saya yana aiki cikakke, kuma ɗanki zai iya karawa da kowa a intanet ko bai sayi ƙarin ba. Tekken 8 ya zo da jarumai 32 a Janairun 2024, waɗanda sun ishi mutum shekaru.

Zarginki dai ya taɓa tabbata. A 2012 aka gano jarumai 12 a kulle a cikin faifan Street Fighter X Tekken, an gama su tun kafin a sayar da wasan, aka ce sai an biya daga baya. Capcom ta sha suka sosai, kuma daga nan ne wannan rashin yarda ya yi jijiya. Amma tsohon tsari ma ba sauƙi gare shi ba. Street Fighter II ya fito a 1991, daga nan zuwa 1994 aka yi ta sake fitar da shi da 'yan ƙare-ƙare, mai son sabo ya sake sayen wasa sukutum.

Ki tambaye shi wane jarumi guda yake so, ya nuna miki shi, ki saya masa wannan kaɗai. Ki lura da kuɗin cikin wasa: a Street Fighter 6 jarumi tsaba 350 ne, ƙaramin ƙunshin da ake sayarwa kuwa 250, dole ki sayi wanda ya zarce, canjin da ya rage ya zama abin da zai ja shi dawowa. Kada ki bar katinki a ajiye cikin na'ura ba tare da kalmar sirri ba. In PlayStation ce da faifai, ki tabbata yankin asusun ya yi daidai da yankin faifan, in ba haka ba abin da aka saya zai iya ƙin hawa. Nan gaba kuma, in ba gaggawa, a nemi bugun da ya haɗa komai. Mortal Kombat 11 ya fito a Afrilun 2019, zuwa Nuwamban 2020 aka fitar da Ultimate da jarumai 37 a farashin wasa ɗaya. Tunda na ambace shi, shi wannan na manya ne, akwai zubar da jini ƙwarai. Ki duba alamar shekaru a jikin kwali kafin komai.

Tambaya: Yaya, me ya kai Ronaldo wasan faɗa? Kuma irin waɗannan baƙin, su ma a jira rangwame?

Amsa: Cristiano Ronaldo yana cikin Fatal Fury: City of the Wolves na SNK, wanda ya fito a Afrilun 2025, kuma da wasan ya zo, ba a saye shi daban. Masoya sun haɗa shi da cewa wani kamfani na gidauniyar MiSK ta Saudiyya ne ya mallaki kusan duk hannun jarin SNK, shi kuma yana taka leda a Al-Nassr. Hasashe ne mai ma'ana. Aikin baƙo dai ɗaya ne a ko'ina, ya jawo wanda ba ɗan gida ba. Shi ya sa Negan na shirin talabijin The Walking Dead da Noctis na wasan Final Fantasy suka shiga Tekken 7, shi ya sa Terry da Mai na Fatal Fury suka je Street Fighter 6, Ken da Chun-Li na Street Fighter suka rama ziyara a Fatal Fury.

A nan kaɗai nake sassauta maganar jira. Abin da aka yi da lasisin wani kamfani yana da wa'adi. A Disamban 2013 aka cire Ultimate Marvel vs. Capcom 3 daga shagunan intanet, tare da Jill da Shuma-Gorath da ake saya daban. Wanda ya riga ya saya ya tsira da nasa, wanda ke jiran rangwame ya rasa, sai da aka sake fitar da wasan a PS4 a 2016 da su a ciki. Saboda haka in baƙon ya riga ya fito, ka kalli yadda yake faɗa, ya kwanta maka a rai, ka ɗauke shi a rangwamen farko da ya zo, kada ka ce sai na biyu.