Na canja sensar noki sau biyu, P0328 ta ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2008, mai silinda huɗu, injin 2.4. Wutar gargaɗin inji ta kama, aka sa kwamfuta ta nuna P0328, aka ce sensar noki ce. Sau biyu ke nan ana canja ta, amma da an goge an tayar da mota sai wutar ta dawo. Motar ta yi nauyi a hawa, kuma shan mai ya ƙaru. Wani ya ce min alama ce injina zai buga. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka game da bugawar inji. Abin da muke kira "inji ya buga", wato ƙarafan ciki sun cinye saboda rashin baƙin mai, daban yake da nokin da wannan sensa take saurare. Nata nokin shi ne fetur ya fashe da kansa a cikin silinda, ba bisa tsarin tartsatsin fulogi ba, ya ba da wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sensar tana ɗaure a jikin bulok, wato gangar jikin inji, ƙarƙashin manifol ɗin da ke shigar da iska. A cikinta akwai wani dutse da ke fitar da ɗan lantarki idan ya ji girgiza. Da kwamfutar mota ta ji wannan girgiza sai ta ja taimin baya kaɗan, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, har ƙarar ta lafa.

P0328 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi layin da ya tashi daga kwamfuta zuwa sensa yana da matsala, kuma layin nan ya haɗa waya, soket, sensar da ita kanta kwamfutar. Idan sababbin sensa biyu ba su kawar da lambar ba, to hankali ya koma kan waya.

Ga yadda kwamfutar ke ganewa. Tana tura folt 5 ta cikin wata rizisto, wato 'yar na'urar da ke rage gudun lantarki, mai kilo'om 200 (ma'aunin ƙarfin ragewar) da ke jikinta, a cikin sensar kuma akwai wata mai kilo'om 200. Idan komai lafiya, wutar tana rabuwa biyu, kwamfuta ta ga kusan folt 2.5. In waya ta tsinke ko soket ya saki, babu mai raba wutar, sai ta haura folt 4.5, a samu P0328. In kuma wayar ta goge ta taɓa jikin inji, wutar ta faɗi ƙasa da folt 0.5, a samu P0327. Taka lambar ke nan ta yankewa ce. Shi ya sa take dawowa da zarar an tayar da inji, ba ta jiran a yi tafiya. Nauyin motar da shan mai kuwa daga kwamfutar suke: tunda ta rasa kunnenta, sai ta ja taimin baya sosai don kada injin ya cutu.

Ka nemi mai gyaran wutar mota da ke da mita mai nuna lamba. Ƙwan gwaji ba ya aiki a nan, domin wutar wannan layi ba ta da ƙarfin kunna shi. Ya fara da ido tukuna: ya bi wayar daga sensa zuwa inda ta shiga babbar igiyar wayoyi, yana duba cizon ɓera, roba da zafi ya busar, da wurin da wani ya taɓa yankewa ya murɗe ya naɗe da salatef. Ya duba ƙugiyar soket, domin tana yawan karyewa a hannun masu cire manifol, sai soket ya zauna kamar ya shiga alhali haƙoransa ba su kama ba. Tsatsa kore a haƙoran kuma galibi aikin wankin inji ne da ruwa mai ƙarfi.

Daga nan sai awo. A cire soket daga sensa, a buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna tsakanin haƙora biyu na ɓangaren waya. Ana son folt 4.5 zuwa 5.5. Idan an samu haka, kwamfuta da waya suna isar da wuta, sai a kashe makulli a auna sensar kanta tana sanyi: tsakanin kilo'om 120 da 280. Ka sa a auna tsofaffin biyun ma idan suna hannunka. Ba mamaki ta asalin motar lafiyarta ƙalau, kuma ta fi da yawa daga cikin sababbin kasuwa inganci, domin jabun wannan kaya sun yi yawa kuma kwali ba ya nuna gaskiya.

Idan ba a samu folt 5 ba, a cire kan batir na negatif (mai alamar −), sannan a zare soket ɗin kwamfuta. Wayoyin biyu a taswirar Toyota sunansu KNK1 da EKNK. Kowace a auna ta daga wannan baki zuwa wancan, kada ta kai om 1. Sannan a auna tsakaninsu, da kuma tsakanin KNK1 da jikin mota, nan kuma ana son aƙalla kilo'om 10. Yayin awon wani ya riƙa girgiza igiyar wayoyin a hankali yana lanƙwasa ta. Waya kan tsinke daga ciki robarta tana nan lafiya, ta haɗu idan inji ya yi sanyi, ta rabu idan ya yi zafi ko ya girgiza, kuma lambar mita ce za ta yi tsalle ta tona ta. Sai duk waɗannan sun fito daidai ake zargin kwamfuta, kuma ba kasafai laifin yake zama nata ba.

Wurin gyaran wayar ne aka fi yin ɓarna. Wayar sensar noki tana da raga ta ƙarfe da ta kewaye ta, mai tare hayaniyar lantarki daga koyil da altaneta, domin saƙon da take ɗauke da shi ƙarami ne ƙwarai. Wanda ya yanke ta ya jona wayar fitila zai iya kashe wutar gargaɗi, amma kwamfuta za ta riƙa jin nokin da babu shi tana rage wa mota ƙarfi. A sa waya mai raga, a liƙa da darma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a mayar da ita kan ainihin hanyarta. Idan an samu guntun wayar da soket ɗinta daga injin gwanjo irin wannan, ya fi.

Ɗaurin sensar ma yana da ƙa'ida. A goge mazauninta tas, babu giris, babu washa a ƙarƙashi, a ɗaure da sifana mai awo a kan niyutan-mita 20, bakin soket yana kallon inda yake tun asali. In an matse fiye da kima za a danne dutsen ciki, in an bar ta sako-sako ba za ta ji komai daidai ba. Wadda ta faɗi a kan siminti kada a saka ta. Idan an cire manifol a sa sabon gasket, don iskar da ke satar shiga ita ma tana jawo noki.

Akwai dabarar da nake roƙonka kada ka yarda da ita: a cusa rizisto a soket, ko a ɗaure sensar a wani noti na waje inda hannu ke kaiwa. Wuta za ta mutu, kwamfuta ta mayar da taimin gaba tana zaton tana ji, alhali ta kurumce. Ranar da ka sha man bumburutu da aka gauraya, ka ɗauki kaya cikin zafin Afrilu, injin zai yi ta noki babu mai ja masa baya, har gefen fistin ya fashe ko gasket ɗin kan silinda ya ƙone.

Masu tsofaffin Camry da Sienna na V6, injin 1MZ-FE, su lura alƙaluman nan ba nasu ba ne. Sensarsu biyu ce, kowace mai waya ɗaya, a kwarin tsakiyar inji, lambobinsu P0325 da P0330, kuma motar kan ƙi shiga giyar ƙarshe. A nan ana canja sensar biyu tare da guntun wayarsu a lokaci ɗaya, tunda aikin buɗewar ba ƙarami ba ne.

Bayan gyara a goge lambar, a bar inji ya yi zafi, a hau titi da kwamfutar gwaji a jone ana kallon taimin yayin taka totur a hawa. Idan lambar ba ta dawo ba amma kunnenka yana jin ƙarar tsakuwa, layin ya gyaru, saura a duba fetur, lambar fulogi, zafin lagireto da baƙin toka da ya taru a kan fistin.