Ka sauka Gilasgo tukuna, amma kar ka wuce kwana biyu

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka fara sauka Gilasgo inda ka yi karatu shekarun baya kafin ka kama tafiyar ƙafa ta West Highland Way, doguwar hanyar nan ta ƙasar Scotland, ko ka zarce kawai. Ni dai ka sauka, ai hanyar ma daga Milngavie take farawa (su "Mulgai" suke cewa, kar su yi ma dariya), ƙasa da rabin awa ne a jirgin ƙasa daga cikin gari.

Amma kwana biyu ya isa wallahi. Ni da na koma tsohuwar unguwarmu na je na tsaya ƙofar gidan da na zauna shekara uku, labulen wasu ne a tagar ɗakina, shagon da nake sayen biredi ya koma wurin aski, sai jikina ya yi sanyi, ga tsofaffin abokai wannan ya ja ka cin abinci wancan ya ja ka hira har ɗayan dare, haka na fara tafiya da bashin barci. Kilomita 154 ce fa zuwa garin Fort William inda hanyar take ƙarewa, yawanci kwana shida zuwa takwas, kuma gefen tafkin Loch Lomond duwatsu ne da saiwoyin itace, yana cin gwiwa sosai.

Ka yi Juma'a a babban masallacin Gilasgo, ka sayi dabino da guzurin halal a can don a ƙauyukan hanya da wuya ka samu. In a Yuli za ka je ka nemi ragar rufe fuska, ƙananan ƙwarin nan masu cizo ba su da imani.