Gonar gado a tsakiyar ruwa: in zuba mata jarina?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Daura. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a kan wani tudu kusa da madatsar ruwan Daberam. Da damina ruwa kan kewaye ta ta koma tsibiri, sai da kwale-kwale ake shiga. Akwai mangwaro da giginya, ga iska mai daɗi. Ina so in gina ɗakuna 10 da zauren taro, ƙungiyoyi da makarantun Islamiyya su riƙa zuwa suna kwana biyu, mutanen ƙauyen kuma su amfana. Zan cire naira miliyan 20 daga jarina. Mu bakwai ne magada. In fara gini?

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinku. Shawarata a taƙaice, kada ka sauke bulo ko ɗaya tukuna.

Ka ce ku bakwai ne, amma ba ka ce an raba gadon ba. Muddin ba a raba ba, duk abin da ka gina a kan ƙasar mutum bakwai ka gina shi. Yau 'yan'uwa za su ce maka ai babu komai, Yaya, yi abinka. Ranar da aka ga motoci sun fara tsayawa a bakin ruwa, ko aka wayi gari 'ya'yansu sun girma, zancen zai sauya. A kira malamin da ya san rabon gado, a fitar wa kowa da nasa, har mata. Daga nan ko ka saye kason sauran, ko ka karɓi hayarsa na shekaru sanannu, ko su shigo a matsayin abokan tarayya da kason riba a rubuce. Kowanne kuka zaɓa, a sa hannu gaban shaidu da mai gari.

Sai hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama. Takardar gona ba ita ce izinin gina masauki ba. Sannan filin da ke gefen madatsa yakan faɗa cikin yankin da aka keɓe wa ruwa. Ka je ofishin filaye da hukumar da ke kula da madatsar, ka tambayi inda iyakar take. Ka kuma nemi tsofaffin masunta su nuna maka inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi cika. Sau da yawa za ka ga alamar a jikin kututturen giginya.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. A cikin tambayarka akwai abu biyu da ka cakuɗa: kasuwanci da sadaka. Makarantar Islamiyya da za ta kawo ɗalibai 60 ba za ta biya kuɗin ɗaki ba, kai ma kunya ba za ta bar ka ka tambaya ba. Mutanen ƙauye za su ɗauka wurin nasu ne, su zo biki su tafi da godiya. Masu biya su ne ƙungiyoyin da ke shirya bita, ma'aikatu, tsofaffin ɗalibai masu taron shekara, da malaman manyan makarantun Daura da Katsina. Su kuwa kafin su zo sai sun tambayi wuta, banɗaki mai tsabta, sabis na waya da tsaro. A jiharmu yanzu, ko da yankin Daura ya fi wasu sassan kwanciyar hankali, ba kowace ƙungiya ce za ta yarda mutanenta su kwana a daji ba. In lada kake nema, ka ware wani sashe ka yi wakafinsa, ko ka sanya kwanaki sanannu a wata na kyauta. Sauran a yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da asusun banki nasa daban da na shagon hatsi.

Ka lissafa watannin aiki ma. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne da sauro, daga Maris zuwa Mayu zafi. Abin da ya rage maka na ciniki sosai shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sai 'yan kwanakin Sallah da Sallar Gani da baƙi ke cika Daura. Mai gadi kuwa wata 12 zai karɓi albashi. Kuma duk buhun siminti da zai haye ruwa ya ƙara tsada. Batun kwale-kwale ba na wasa ba ne: rigar ruwa ga kowane fasinja, ba lodi, ba tafiyar dare. Haɗari ɗaya da yaran makaranta ya isa ya rufe wurin har abada.

Miliyan 20 ɗin nan, a hannunka tana juyawa: ka sayi gero da kaka, ka sayar da bazara. In ta shiga bulo ta kwanta. Don haka kada ka taɓa fiye da abin da in ya salwanta shagonka ba zai girgiza ba, a ce kashi ɗaya cikin biyar. Da shi ka yi rumfar zana babba mai kyau, banɗakuna na maza da na mata, wurin sallah, tabarmi da kujeru, ruwan sha, da 'yar sola ta caji da lasifika. Yini kawai, babu kwana. Matan ƙauyen su dafa abinci a biya su, matasa su yi fito, masunta su kawo kifi. Amfanin da kake so jama'a su samu ya fara ke nan.

Ka riƙe littafi: wa ya zo, mutum nawa, nawa ya biya, nawa aka kashe, wa ya dawo karo na biyu. Kafin ma ka kafa rumfar, ka zagaya ƙungiyoyi 10, ka gaya masu farashi, ka ga nawa za su ba da kafin alƙalami don kama rana. Wanda ya ce “Masha Allah, abu ya yi kyau” bai shiga lissafi ba. Bayan hunturu ɗaya, in baƙi da kansu suka fara tambayar wurin kwana, sai ka fara da ɗaki biyu a can saman tudun.