Jakar ko-ta-kwana don komawa gida a ƙafa cikin hunturun Winnipeg

Ka tambayi abin da ya kamata ka riƙa ɗauka a jaka marar nauyi, saboda ranar da dusar ƙanƙara za ta tsayar da bas a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada har ya zama dole ka taka daga wurin aiki zuwa gida. Ka saka busasshiyar safar ulu a ƙulle cikin leda, da safar hannu, da hula mai rufe kunnuwa, da mayafin rufe hanci, da tocila domin rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a watan Disamba, sannan da batirin cajin waya, da dabino, da ruwan zafi a ƙaramin fulas.

Sharaɗin da nake roƙonka ka kiyaye shi ne kada rigar da ke manne da fatarka ta zama ta auduga, domin na sha ganin yadda take jiƙewa da gumi ta koma kamar ƙanƙara da zarar mutum ya tsaya a bakin titi. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan ma'aunin sanyin da jiki ke ji sa'ad da iska ke kaɗawa ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 30, saboda haka a irin wannan rana ka zauna inda kake har hanya ta buɗe.